Tsuntsun da Ya Yi Gida a Cikin Kanwa

Wata Juma'a bayan la'asar muna zaune a gindin darbejiya a ƙofar gidan kawuna, a ƙauyenmu da ke bakin fadamar Haɗeja, sai ɗan ƙanwata ya miƙo mini waya. Bidiyon wani tafki ne a Tanzaniya. Ruwan ja wur kamar zoɓo, gaɓarsa fara fat, tsakiyarsa kuma tsuntsaye ne masu dogayen ƙafafu da dogon wuya, launinsu tsakanin fari da ja, sun rufe ruwan iya ganinka. Mai bayani ya ce ruwan yana cin fatar mutum. Kawu ya fi shekara hamsin yana su a Kogin Haɗeja da tafkunan kewaye. Ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo. Can sai ya ce, "Malam, tsuntsu ba ya sauka inda babu abinci. Ruwan da kifi ya ƙi zama, waɗannan me suke ci a ciki?"

Tambayar masunci ce, kuma ta faɗa daidai inda maganar take. Tsuntsun sunansa filamingo. Ba mu da sunan Hausa da muka raɗa masa, don ba ya cikin tsuntsayen fadamarmu kamar balbela da zalɓe da dinya da kirinjijiya. Iri shida ne a duniya, huɗu a nahiyar Amurka, biyu a wannan ɓangaren namu. Akwai babban filamingo, wanda tsayinsa kan kai mita ɗaya da rabi, ana samunsa daga Muritaniya da Senegal zuwa Faransa da Sifen da Turkiyya har Indiya. Akwai kuma ƙaramin, mai tsayin santimita 80 zuwa 90, mai baƙin baki da launi mai kauri. Shi ne na cikin bidiyon, shi ne ya fi kowane iri yawa, ana ƙiyasta shi tsakanin miliyan biyu da miliyan uku, kuma shi ne ya ɗaura rayuwarsa kacokan a kan ruwan da sauran halittu ke gudu.

Abin da ya sa nake ganin Bahaushe zai fi wasu saurin gane wannan al'amari shi ne, abin da ke cikin ruwan nan yana cikin madafin kowane gida a ƙasar nan. Kanwa ce. Tafkin da ke bidiyon sunansa Natron, kuma natron ita ce kalmar da Turawa ke kiran kanwa da ita. Wato Tafkin Kanwa ke nan. Ita ce dai wadda ake shigo da ita kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ungurnu da jar kanwa, wadda Inna ke jiƙawa ta zuba a wake ya yi saurin nuna, wadda ake sa wa ɗanwake da miyar kuka, wadda makiyayi ke ba shanunsa. Idan muka ce kanwa ta kar tsami, ilimin sinadarai muka faɗa ba tare da mun shiga aji ba. Masana suna da ma'aunin da suke kira pH: ruwa mai daɗi yana kan 7, abin da ya yi ƙasa da haka mai tsami ne, abin da ya haura kuma ɓangaren kanwa da toka ne. Ruwan teku yana wajen 8. Na Natron yakan wuce 10, kuma kowane hawa ɗaya a ma'aunin ninki goma ne na wanda ke ƙasa da shi. Wanda ya taɓa ganin hannun mai dafa sabulun salo, ko ya bar hannunsa ya jima a ruwan toka, ya san abin da irin wannan ruwa ke yi wa fata. Yadda kanwa ke laushe wake, haka take laushe naman mutum.

Yaya tafki guda ke zama kanwa? Abu uku ne ke haɗuwa. Na farko, tafkin ba shi da mafita: ruwa yana shiga, ba ya fita ta kogi. Na biyu, rana tana shanye ruwa fiye da abin da sama ke zubowa. Na uku, duwatsun da ruwan ke ratsawa kafin ya iso. A gabashin Afirka ƙasa ta tsage ta yi wani dogon kwari daga Habasha ya bi ta Kenya ya shiga Tanzaniya, kuma duwatsun wurin na aman wuta ne, masu yawan sinadarin sodiyam da ƙarancin kalsiyam. Ruwan sama da na maɓuɓɓuga masu zafi suna wanko sodiyam ɗin su tara a ƙasan kwarin. Rana ta ɗauke ruwa ta bar gishirin, shekara bayan shekara, dubban shekaru. A kudancin Natron ma akwai dutsen Ol Doinyo Lengai, wanda Masai, makiyayan yankin, ke kira Dutsen Ubangiji a harshensu. Shi kaɗai ne a duniyar yau ke aman narkakken dutse mai kanwa, yana fitowa baƙi, bayan 'yan kwanaki ya koma fari. Tafkin da ke gindinsa ya kai kilomita 57 a tsawo, amma zurfinsa bai kai mita uku ba, zafin ruwan kuma yakan haura digiri 40.

Bari in ɗan ratse, don abin ya taɓa mu. Ruwan da ke wucewa ta bayan garinmu yana bin Kogin Haɗeja ya haɗu da na Jama'are, su zama Komadugu Yobe, su nufi Tafkin Chadi. Shi ma Chadi ba shi da kogin da ke fitar da ruwansa, amma bai yi zartsi ba, ana sha ana su. Dalili shi ne ruwansa yana tsiyayewa ta ƙarƙashin yashi, ya tafi da gishirin. Can arewa maso gabas, a ƙasar Kanem, ruwan yakan sake ɓullowa a ƙananan tafkuna tsakanin tuddan rairayi, rana ta ƙafar da shi, kanwa ta kwanta. Daga irin waɗannan wurare, da kuma ƙasar Manga a Nijar, fatake suka yi ɗaruruwan shekaru suna kawo wa Kano kanwa.

To, mu koma ga tambayar Kawu. Hankali yana ba mutum cewa ruwa mai guba fanko ne. A tafkin kanwa abin ya sha bamban: yana cikin ruwayen da suka fi kowanne samar da abinci a doron ƙasa. Tsiron ruwa yana bukatar hasken rana da ɗumi da sinadarin kabon da kuma taki. Rana da ɗumi ba a maganarsu a wurin da ke kan tsakiyar duniya. Kabon kuwa, wanda yakan ƙare wa tsiro a tafki mai daɗi idan ya yi yawa, a nan ba ya ƙarewa, domin ita kanwar kanta kabonet ce. Sannan fosfet, wanda manomi ya sani a buhun takin zamani, yakan haɗu da kalsiyam a ruwa ya kwanta a ƙasa ya zama ba shi da amfani ga tsiro. Tun da tafkin kanwa ba shi da kalsiyam sosai, fosfet ɗin yana nan narke cikin ruwa. Gona ce da aka yi wa taki, ga rana, ga ruwa. Sai dai kaɗan ne daga halittu ke iya jure ta, kuma wanda ya jure ya gaje ta shi kaɗai. Wadda ta gaje ta wata 'yar mitsitsiyar halitta ce mai kama da gansakuka, siririya mai murɗe-murɗe, ana kiranta sifirulina. Tana yawaita har ruwan tafkunan Bogoriya da Nakuru na Kenya ya yi kauri ya koma kore shar kamar an kaɗa kuka a ciki. Jan da ake gani a Natron kuma na wasu ƙananan halittu ne masu son gishiri, waɗanda ke fitowa idan ruwan ya ƙafe sosai.

Wannan abincin ba baƙo ba ne a yankinmu. Matan Kanembu a Chadi sun daɗe suna ɗiban sifirulina daga tafkunan kanwa irin su Kossorom. Sukan kwaso koren ruwan a ƙwarya ko tukunya, su zuba a wani ɗan rami da suka shafe a kan yashi mai tsabta, yashi ya tsotse ruwan, rana ta busar da sauran, su yayyanka shi gutsi-gutsi su kai kasuwa. Sunansa dihe, ana miya da shi a ci da tuwon gero. Wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan shi a kasuwar Fort Lamy, wato Njamena ta yau, a tsakiyar shekarun 1960, daga nan duniya ta waiwayo kansa. Fiye da rabin nauyin busasshiyar sifirulina furotin ne. Yau ana sayar da ita a kwalabe a kantunan magani na Turai da tsada. Abin da matan Kanem ke tacewa da yashi, shi ne ƙaramin filamingo ke tacewa da bakinsa.

Bakin nan shi ne sirrin tsuntsun, kuma duk lokacin da na duba yadda aka ƙera shi sai na yi tasbihi. A lanƙwashe yake a tsakiya kamar an karya shi. Idan zai ci abinci sai ya sunkuyar da dogon wuyansa ya kifa kansa, saman bakin ya koma ƙasa. Cikin bakin jere yake da wasu siraran haƙora masu gashi-gashi kamar na mataji, sun zama rariya. Harshensa mai kauri ne, yana kai da komowa cikin wani kwari kamar famfo: ya ja baya ruwa ya shigo, ya turo gaba ruwa ya fita, abinci ya maƙale a rariya. A wurin ƙaramin filamingo wannan bugun yakan kai sau ashirin a daƙiƙa ɗaya. A gefen bakin akwai wasu haƙoran masu faɗi da ke tare abin da ya yi girma kada ya shiga. Muhimmin abu shi ne ruwan kanwar kusan duk waje yake komawa, abin da ke wucewa ciki ɗan dunƙulen abinci ne. Ƙaramin yana tace saman ruwa ne, 'yan santimita kaɗan, shi ya sa yake son ruwa ya kwanta lumui, har yakan yi kiwo da dare idan iska ta lafa. Babban filamingo rariyarsa ta fi faɗin ido. Shi yakan tura kai ƙasa, ya tattaka laka da ƙafafunsa, ya ci tsutsotsin ƙwari da ƙananan jatan lande na ruwan gishiri. Saboda haka iri biyun suna kiwo a tafki ɗaya ba mai shiga akushin wani.

Binciken da aka yi a Nakuru a farkon shekarun 1970 ya nuna tsuntsu ɗaya yana cin kimanin giram 70 na busasshiyar sifirulina a yini, garken da ke tafkin kuma, wanda ya kusa miliyan ɗaya, yana kwashe wajen tan 60 kullum. Buhu dubu ɗaya da ɗari biyu ke nan na kilo hamsin-hamsin, kowace rana, daga tafki ɗaya mara zurfi, kuma gobe a wayi gari ya sake tsirowa. Babu tafkin ruwan daɗi da zai iya ciyar da taro irin wannan. Launin tsuntsun ma daga nan yake. Ɗansa toka-toka ake ƙyanƙyashe shi. Sinadarin da ke cikin abincin, dangin wanda ya ba karas da manja launinsu, shi ke shiga gashin ya rina shi a hankali cikin shekaru biyu zuwa uku. A gidajen namun daji idan ba a sa masa shi a abinci ba sai ya koɗe.

Jikinsa kuma an shirya shi don wurin. Fatar ƙafafunsa mai tauri ce mai ɓawo-ɓawo, tana jure tsayuwa cikin kanwa. A saman idanunsa akwai wasu ƙulluttai da ke tace gishirin da ya yi yawa a jini su fitar da shi ta hanci. Duk da haka ba ya rayuwa sai da ruwan daɗi. Yakan tashi ya je bakin rafi ko maɓuɓɓuga ya sha, ya wanke kanwar da ta bushe a gashinsa. A Bogoriya akwai maɓuɓɓugan da ke fitowa suna tafasa, tsuntsayen sukan yi layi a inda ruwan ya gangaro ya ɗan huce. A irin wuraren nan ne mikiyar ruwa da kura da dila da gwaggon biri ke yi musu kwanto. Wannan ya nuna cewa tafkin kiwo ba mafaka ba ce.

Nan ne mutane da yawa ke rikita abu biyu. Inda filamingo ke ci daban, inda yake haihuwa daban. Miliyoyi sukan cika Bogoriya da Nakuru, amma ba a nan suke ƙwai ba. Shekaru da dama masana ba su san inda ƙaramin filamingo ke sheƙa a gabashin Afirka ba. Sai a 1954 wani ma'aikacin gona a Kenya mai son tsuntsaye, Leslie Brown, ya hango sheƙunan daga jirgin sama a tsakiyar Natron. Ya yi ƙoƙarin isa wurin da ƙafa, ɓawon kanwar ya fashe da shi, ya nutse a laka, kanwa ta cika masa takalma ta cinye masa ƙafafu. Da kyar ya fita da rai, ya yi makonni a asibiti. Abin da ya same shi shi ne amsar dalilin da ya sa tsuntsun ya zaɓi wurin. Ɓawon bai da ƙarfin ɗaukar kura, lakar da ke ƙarƙashinsa tana riƙe ƙafa, ruwan yana ƙuna, nisa daga gaɓa kilomitoci ne, ba inuwa ba ruwan sha. Ganuwa ce da ba a gina da hannu ba. A yau ana ƙiyasta cewa kashi uku cikin huɗu na ƙananan filamingon duniya a wannan tafki ɗaya aka ƙyanƙyashe su. Tsakaninsa da Bogoriya kusan kilomita 300 ne, ya fi nisan Kano zuwa Kaduna, kuma tsuntsayen sukan ci wannan tafiya cikin dare.

Sheƙar ta laka ce. Mace da namiji sukan jawo taɓo da baki su tara, ya zama ɗan tudu kamar turmi, tsayinsa har santimita 30, samansa da ɗan kwarmi. Tsayin yana kare ƙwai daga ruwa idan iska ta koro shi, yana kuma nisanta shi da zafin ƙasa, wanda tsakar rana zai iya dafa shi. Ƙwai ɗaya tak ake sawa. Su biyun suna karɓa-karɓar kwanci kimanin kwana 28. Ɗan yana fitowa da miƙaƙƙen baki, ba rariya a ciki, don haka ba zai iya ciyar da kansa ba. Mai kiwon tattabara ya san yadda uwa da uba ke ɗura wa ɗan shila wani abu mai kama da nono daga maƙogwaro. Haka filamingo ke yi, sai dai nasa ja ne kamar jini, saboda launin abincin da ke ciki. Iyayen sukan koɗe a lokacin renon, launinsu ya tafi jikin ɗa. Bayan kamar mako guda 'ya'yan sukan sauka daga sheƙa su haɗu a garke guda, dubbai, wani lokaci fiye da dubu ɗari, manya kaɗan suna tsaronsu. Idan wurin ya fara ƙafewa, garken yakan taka da ƙafa kilomitoci masu yawa a kan kanwa zuwa inda ruwan daɗi ke shigowa. Da yamma iyaye su dawo daga kiwo, kowa ya nemo nasa da murya a cikin wannan taro, ba ya ciyar da na wani. Sai sun yi wata biyu da rabi zuwa uku kafin su tashi sama.

Taron kansa sharaɗi ne. Filamingo ba ya haihuwa shi kaɗai ko a 'yan tsiraru. Kafin ƙwai, ɗaruruwa sukan haɗu su miƙe wuya, su riƙa juya kai dama da hagu a tare, su buɗe fukafukai, su yi tafiya a jere kamar 'yan fareti. Wannan rawa ce ke daidaita jikinsu su sa ƙwai kusan lokaci ɗaya. Amfanin a bayyane yake: borin tunke da ungulu suna iya zuwa ta sama, ganuwar kanwa ba ta tare su, amma idan 'ya'ya dubu ɗari suka fito a mako ɗaya, abin da maharan za su iya ci kaɗan ne daga ciki. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Wasu gidajen namun daji har madubai suke kafa wa tsuntsayen don su ga kamar suna da yawa.

Yanzu ga inda rayuwar nan take da rauni, kuma shi ne abin da ya fi damuna. Duk abin da na lissafa ya rataya ne a kan yawan ruwa, kuma tazarar da ke tsakanin daidai da ɓaci 'yar kaɗan ce. A tafkin kiwo, idan ruwan daɗi ya yi yawa kanwa ta tsinke, sifirulina ta ragu, kamar miyar da aka cika wa ruwa. Idan ya ƙafe ƙwarai gishiri ya fi ƙarfinta, ta mutu. A tafkin haihuwa, idan ruwa ya cika babu tudun lakar da za a yi sheƙa. Idan ya janye da wuri, ƙasa ta bushe ta yi tauri, kura da dila su tako har tsakiyar sheƙu. A 1962 ruwa ya cika Natron, sai tsuntsayen suka koma Tafkin Magadi na Kenya, fiye da miliyan ɗaya suka yi sheƙa. Ruwan Magadi ya fi kauri. 'Ya'yan suna tafiya a ciki kanwa tana daskarewa a ƙafafunsu, tana taruwa har ta zama dunƙule kamar mari, ɗa ya kasa ɗaga ƙafa ya faɗi ya mutu. Mai ɗaukar hotunan namun daji Alan Root da matarsa Joan suka tara jama'a, ana kama 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya ana fasa marin da guduma. An kuɓutar da kimanin 27,000. Kanwar da ke tsaron ɗan ita ce ta ɗaure shi, don kawai ma'auninta ya ɗan haura.

Tsuntsun yana da maganin wannan rashin tabbas iri biyu. Ɗaya tsawon rai: yakan yi shekara talatin zuwa arba'in a daji, wani babban filamingo ma a gidan namun dajin Adelaide na Ostareliya ya kai shekara 83 kafin mutuwarsa a 2014. Wanda zai daɗe haka zai iya haƙura da haihuwa shekara biyu ko uku har yanayi ya yi kyau. Na biyu ƙaura. Kamar Bafulatanin da ba ya dogara da makiyaya ɗaya, filamingo yana yawo tsakanin tafkunan Habasha da Kenya da Tanzaniya, yau wannan ya yi albarka, baɗi wancan. Don haka kare tafki ɗaya bai isa ba. A 2011 hukumar UNESCO ta sa Bogoriya da Nakuru da Elmenteita cikin wuraren gadon duniya a haɗe, Natron kuma ya shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi tun 2001. Amma wuraren haihuwar kaɗan ne ƙwarai. Bayan Natron sai Etosha a Namibiya, Sua a Botsuwana, wasu filayen gishiri a Gujarat ta Indiya, wani wuri a gaɓar Muritaniya, da Kamfers a Afirka ta Kudu, inda suka taɓa yin sheƙa bayan an gina musu tsibiri da hannu a 2006.

Abin da ke faruwa yanzu ta fuska biyu yake zuwa. A Kamfers, farkon 2019, ruwa ya janye iyaye suka watse, sai da mutane suka kwashe 'ya'ya kusan dubu biyu suka rene su da hannu. A Tafkin Tuz na Turkiyya, a 2021, dubban 'ya'yan babban filamingo suka mutu a kan busasshen gishiri, ga fari ga ruwan da noman rani ya janye. Tafkin Abijatta na Habasha ya ragu sosai saboda ɗiban ruwa don masana'antar kanwa da ban-ruwa a sama da shi. A Kenya kuwa akasin haka ne. Wani bincike da masana daga jami'ar King's College ta Landan suka fitar a 2024, bayan sun bi hotunan tauraron ɗan'adam na tafkunan gabashin Afirka 22 na fiye da shekara ashirin, ya nuna ruwan tafkunan yana ƙaruwa, abincin yana raguwa. Faɗin Nakuru ya kusa ninkawa tsakanin 2009 da 2022, koren da ke cikinsa kuma ya ragu da rabi. Mai kallo daga nesa zai ce tafki ya cika, alheri ya samu. A wurin tsuntsun, yunwa ce. Ita kanta kanwar dukiya ce da ake so, ana yin gilashi da sabulu da ita, kuma an kafa kamfanin haƙarta a Magadi tun 1911. An taɓa shirin kafa irin wannan masana'anta a Natron, jama'ar yankin da masu kare tsuntsaye suka yi ca, kamfanin Tata ya janye a 2008. A ganina sun yi daidai. Mutanen wurin suna bukatar aiki, ba na musun haka, amma kanwa tana da wasu wuraren da za a haƙa, tsuntsun kuwa a duk gabashin Afirka ɗakin haihuwarsa ɗaya ne.

Da na kai nan a bayanina, Kawu bai yi mamaki ba, don ya rayu da irinsa. Mu nan ba filamingo muke da shi ba, muna da agwagin da ke tasowa daga Turai su sauka Baturiya da Nguru da hunturu, muna da kifin da ke bin ambaliya ya shiga fadama ya yi ƙwai, muna da shinkafar da ke jiran ruwa ya zo a lokacinsa ya kuma janye a lokacinsa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta canza. Wasu wuraren da suka saba cika da damina su bushe da rani yanzu ruwa ba ya barinsu, kachala ta mamaye su ta toshe hanyoyin jirgi, jan-baki ya samu wurin kwana yana cinye gero da shinkafa. Wasu wuraren kuma ambaliyar ba ta ƙara isa gare su ba. Ba wanda ya zuba guba a kogin. Yawan ruwan da lokacin zuwansa kawai aka taɓa.

Ya miƙa wa yaron wayarsa, ya gyara zama a kan tabarma, ya ce, "To su wa ke saman ruwan nasu?"

Na ce, "Kawu, babban kogin da ke shiga Natron sunansa Ewaso Ng'iro. Daga dajin Mau yake tasowa, a tsaunukan Kenya, inda aka sare itatuwa masu yawa aka yi gonaki. An sha maganar yi masa madatsa don lantarki da noman rani. Kogin yana Kenya, tafkin yana Tanzaniya."

Ya yi shiru, yana kallon wajen fadama inda balbelu suka fara komawa makwanci. Aka kira magariba, muka tashi alwala.